Salansar Giya-Huɗu

Ranar da mota ta mutu wa Giya-Huɗu a tsakiyar mararraba, duk wanda ke kan titin nan ya riga shi sani. Fitila ta ba da hannu, ya saki kuloci, ya taka totur, mota ko motsi. Shi a zatonsa inji na nan yana aiki, giya ce ta ƙi shiga, sai ya kama kokawa da sandar giya yana zaginta. A bayansa kuwa motoci sun yi layi, kowa ya danne oda, wani mai babbar mota har ya leƙo da rabin jikinsa yana wurga hannu. Bai ji ko ɗaya ba. Sai da wata mata ta tsallako titi, ta dafa ƙofarsa, ta nuna bonet, sannan ta ja yatsa a wuyanta. Nan ya gane inji ya daɗe da mutuwa.

Kai, abin da ciwo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, wanda aka laƙaba wa Giya-Huɗu saboda ba a taɓa ganinsa yana jan jiki a ƙaramar giya ba, yau shi ake nuna wa da hannu cewa motarsa ta mutu. Kuma ba kowace mota ba. 'Yar kujera biyu ce, ja, mai dogon gaba da gajeren baya, rufinta na tamfol, ta girmi duk 'ya'yansa. Allurar da ke nuna gudun inji ta tsaya tun babban ɗansa yana firamare, irinta ta ƙare a kasuwa, shi kuma bai taɓa damuwa ba, domin da kunne yake sauya giya. Inji na kaiwa wani wuri zai ji muryarsa ta sauya, hannunsa ya tafi da kansa. To kunnen ne yanzu ya ci amanarsa. Ya fara da rasa kukan tsuntsu, ya rasa ƙarar waya, ya zo ya rasa muryar jikokinsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta sayo masa abin maƙalawa a kunne, amma da ya shiga mota sai abin ya kama fito, komai ya koma kamar ana jan gwangwani a kan siminti. Ya cire ya jefa a aljihu.

Labarin mararraba ya riga shi isa gida, ka san mutane. Yana shigowa ya tarar da Babba, babban ɗan nasa, a tsaye a falo, Auta na zaune ido ya yi ja.

Babba ya matso ta kunnen hagu, wanda ke da ɗan sauran amfani, ya ɗaga murya. "Baba, yau Allah ya tsare. Gobe fa? Akwai wani mai tara tsofaffin motoci, ya daɗe yana bina a kanta. Ka bari ya zo."

Da a wata rana ce, da Babba ya sha zagi har ya rasa ƙofar fita. Amma ranar nan tsoho bai yi musu ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Tunda har ban san ko tana raye ko ta mutu ba, ku sayar."

Da bakinsa ya faɗa, a gaban 'ya'yansa biyu. Babba bai tsaya jiran ya sake tunani ba, a nan take ya kira mutumin, aka tsayar da ƙarshen mako.

Washegari Giya-Huɗu ya tashi da haushin kansa. Ya fita tsakar gida, ya yaye mayafin motar, ya tsaya yana kallonta. Shi za a raba da ita? Don kunne? Ina! Idonsa garau, hannunsa garau, ƙafarsa ta san kuloci fiye da yadda ta san takalmi. In ba ya jin motar, ai motar ce za ta ɗaga murya, kamar yadda kowa a gidan ya koyi ɗagawa. Ya shiga, ya tayar, ya lallaɓa ta ƙananan layuka har garejin Mai Salansa.

Mai Salansa tsohon abokinsa ne, gajere, mai sanƙo, gashin hannunsa duk tartsatsin walda ya cinye. Garejinsa rumfar kwano ce da rami guda a tsakiya, bango kuwa an rataye shi da tukwanen salansa iri-iri, dogaye da gajeru, masu ƙiba da sirara, sababbi masu ƙyalli da tsofaffi masu tsatsa. Ba ya gyaran inji, ba ya taɓa burki. Bututun hayaƙi kawai ya sani, kuma a kansa ba ya ɗaukar raini daga kowa.

"Mutumina, so nake ta yi ƙara," in ji Giya-Huɗu, tun bai gama fitowa ba.

Mai Salansa ya kama kafaɗarsa ya juyo da kunnen hagun. "Ƙara kamar yaya? Motar nan muryarta ta fi ta kowa daɗi a garin nan!"

"Daɗin wa? Ni ban ji. Cire tukunyar."

"Ka haukace? Ta asali ce fa!"

"Na ce ka cire."

Notunan sun ci tsatsa sun zama ɗaya da bututu, sifana ta kasa, dole aka sa wuta aka yanke. Mai Salansa yana yanka yana tsaki, ya ɗauko tukunyar ta asali da bakinta a ƙone, ya ajiye ta gefe a hankali. Ya jona miƙaƙƙen bututu tun daga inji har baya, babu abin da zai tare hayaƙi. Ya ɗaga babban yatsa, Giya-Huɗu ya murɗa makulli.

Jama'a, ranar nan layin garejin ya ji jiki. Kwanon rumfa ya kama kakkarwa, tela na maƙwabta ya fito da almakashi a hannu, wani kare ya bar inuwarsa ya ruga. Mai Salansa ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana ihun a kashe. Giya-Huɗu kuwa yana zaune ya karkata kai, yana taka totur yana saurare. Abin da ya iso masa ɗan zuuu ne can nesa, kamar ana niƙa a gida na uku. Ya saki totur, inji ya koma silo, yana juyawa a hankali ba totur, shi ke nan, shiru.

Ya kashe, ya fito, fuskar nan a murtuke. "Ƙara mata."

"Babu abin da zan ƙara!" Mai Salansa ya daka masa tsawa a kunne. "Babu komai a jikinta, tsirara take! Kai dai tsaya in gaya maka. Wannan ƙarar sama take tafiya, siririya ce, mai tsaga kunne. Ita ce ka fara rasawa. Muryata fa, me ya sa kake ji?"

"Don kana da murya irin ta tsohon kwaɗo."

"Yauwa. To kwaɗo za mu nema mata."

Suka shiga bin bango. Mai Salansa ya riƙa sauko da tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura, a tayar, Giya-Huɗu ya girgiza kai, a kwance. Akwai wata gajera mai ƙyalli da samari ke so, wadda ke tatsatsa in an saki totur, ko kallo ba ta ishe shi ba. Akwai mai baki biyu, ita ma banza. Akwai wata mai ƙiba ta motar ɗaukar kaya, wadda ta shaƙe injin har ya kama tari. Rana ta take, zufa ta jiƙe su, suka zagi juna, suka sha ruwa, suka koma. Can sai Mai Salansa ya tuna da wata doguwa, baƙa, mai faɗin ciki, da ke bayan ƙofa ba wanda ya taɓa tambayarta. Ya ce wannan in aka haɗa ta da bututu mai kauri, muryar ƙasa za ta yi, ta kauri, irin wadda ake ji a ciki.

Ya sauka rami da ita. Ka san yadda ake rataye salansa a ƙarƙashin mota: da zoben roba ake ɗaure ta, don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kada girgizar inji ta shiga jikin mota. To tukunyar nan ta fi tsohuwar tsawo, robobin ba su kai ba, sai Mai Salansa ya ce bari a gwada muryar tukuna kafin a sha wahalar ratayewa. Ya tokare ta da jak daga ƙasa, ya tura sama, har bututun ya manne da ƙasan motar daidai ƙarƙashin kujerar direba. Ya leƙo daga rami ya ɗaga sifana alamar a tayar.

Giya-Huɗu ya murɗa makulli ba tare da wani sa rai ba. Sai ya ji abu ya taso daga kujera, ya bi cinyarsa, ya hau ƙashin bayansa, ya zauna masa a ƙirji. Dum dum dum dum. Inji ne, a silo, yana numfashi a hankali kamar yadda ya san shi shekara da shekaru. Ya ɗan taɓa totur, bugun ya haɗe ya zama gurnani, ya hau har haƙoransa. Ya ƙara, ya ji daidai wurin nan da hannunsa ke tafiya giya ta biyu, hannun kuwa ya tafi da kansa ya dafa sandar. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya goge da hannun riga kafin wani ya gani.

"Tsaya! Kar ka taɓa komai! Me ka yi mata?"

Mai Salansa ya fito daga rami, ya leƙa cikin motar, ya ja da baya yana yamutsa fuska. "Ban yi komai ba, ban rataye ba ne. Bututu ne ke taɓa jiki. Ka ji yadda cikinta ke ruri? Kashe in sa roba."

"Ba za ka sa ba."

"Me?"

"Yau kuma kai ne ba ka ji? Ka nemi ƙarfe ka liƙe min shi a nan, yadda yake."

Nan fa aka yi ta. Mai Salansa ya jefar da sifana. Ya ce tun yana yaro abu na farko da maigidansa ya koya masa shi ne salansa ba ta taɓa jikin mota, duk wanda ya bari ta taɓa ba makaniki ba ne, maɓarnaci ne. Ya ce mutane daga nesa suke zuwa ya raba su da irin wannan rurin, yau shi za a ce ya saka da hannunsa? Ya ce madubi zai yi rawa, notuna za su kwance, kan fasinja zai yi ciwo, kuma bututun zai tsage, ba makawa, domin inji na motsi jiki ba ya motsi.

Giya-Huɗu ya bi leɓensa da ido har ya gama. "In ya tsage ka sake walda. Ina za ka?"

"Sunana za ka ɓata!"

"Ni motata za a sayar ƙarshen mako."

Mai Salansa ya juyo. Bai san da wannan ba. Ya dubi abokin nasa, ya dubi motar, ya shafa sanƙo, ya yi wani dogon tsaki wanda ko Giya-Huɗu sai da ya gani. Sannan ya tafi tulin ƙarafa ya zaro wani lafcecen ƙarfe mai kaurin yatsa, ya lanƙwasa shi, ya sauke gilashin walda a fuska. Ya ce a ɗaga kujera da dardumar ƙasa kada su kama da wuta. Ya liƙa baki ɗaya a bututu, ɗayan a ƙasan mota, ya sa robobi a can baya don tukunyar ta samu abin riƙo. Kuma ka san mai sana'a, ko ɓarna zai yi sai ya yi ta da kyau. Waldar nan ta fito sumul, kamar ɗinkin tela.

"In wani ya tambaya, ba ni ba ne," in ji shi.

"Zan ce tela ne."

A hanyar gida Giya-Huɗu bai bi ƙananan layuka ba. Babban titi ya hau. Ɗaya, biyu, uku, ko wacce ta shiga ba ƙara ba gurza, ya kai ta huɗu ya bar ta a nan. Madubi na rawa har ba a ganin komai sosai, sai ya ɗaure shi da igiyar takalmi da ya tsaya a gefen hanya. A mararrabar nan ya tsaya a sahun gaba, inji na buga masa baya, fitila na ba da hannu ya wuce kowa.

Bai gaya wa yaran ba. Auta dai ta ji sabuwar murya a tsakar gida, ta leƙo ta taga, ya yi kamar bai gan ta ba.

Ƙarshen mako Babba ya zo da mai saye da hantsi. Mutum ne mai natsuwa, mai farin gashi da tabarau, ya gaishe da Giya-Huɗu da hannu biyu. Daga yadda ya shafa gefen motar ka san ya san abin da yake kallo, kuma yana sonta da gaske. Ya zagaya, ya buɗe bonet, ya gyaɗa kai. Ya nemi izini ya zauna a kujerar direba, ya tayar.

Fuskarsa ta sauya nan take. Ya ɗaga hannu daga sitiyari, ya dubi madubin da aka ɗaure da igiya, ya dafa kujera. Ya fito ya bar injin yana aiki, ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, sai ya dubi Babba.

"Ka ce min ba a taɓa ta ba."

"Ba a taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Tukunyar asali babu ita, an yanke. Kuma an liƙe bututu a jikin mota da walda, an ƙona ƙasan kujera. Wane mara imani ne ya yi wannan?"

Giya-Huɗu ya matso, ya ce a maimaita masa. Mutumin ya maimaita da ƙarfi, cikin ladabi.

"Ni na sa aka yi."

Mai saye ya girgiza kai. "Baba, don Allah me ya sa? Ni wadda ba a taɓa ba nake nema, shi ya sa na bi ta tsawon lokacin nan. Yanzu ko minti goma mutum ya yi a ciki kansa zai rabe. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, motar nan ba wanda zai iya zama a cikinta sai kurma."

Auta ta dafe baki. Babba ya sunkuyar da kai. Giya-Huɗu kuwa ya karanta kalmar a leɓen mutumin sarai, ya gyara tsayuwa, ya buga ƙirji da tafin hannu.

"To alhamdu lillahi. Ga kurman a gabanka."

Mai saye ya naɗe hankicinsa, ya yi sallama, ya sake waiwayen motar sau ɗaya da tausayi, ya fita. Babba ya raka shi ƙofa yana ba da haƙuri, sannan ya dawo rai a ɓace. Kafin ya dawo tsohon ya riga ya shige kujerarsa, ya ja ƙofa, ya jingina kai, ya lumshe ido.

Babba ya tsaya a kansa. "Baba, wannan ba daidai ba ne! Kai ka ce a sayar! Ka kunyata ni a gaban mutum, ka lalata mota, kuma duk wannan bai canza komai ba. In wannan ya ƙi, wani zai saya. Ni ba motar ce ta dame ni ba, kai ne! So kake wata rana a kira ni a ce in zo in ɗauke ka a titi?"

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, domin tsoro ne ke cinsa, ba mugunta ba. Amma duk a banza yake yi. Idon tsoho a rufe, ga rurin inji ya cika motar, ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

"Yaya, ba ya jinka," in ji Auta a hankali.

"Na sani! Abin da nake faɗa ke nan! Dubi, ko yanzu aka kashe ta ba zai sani ba."

Ya zura hannu ta saman ƙofa a hankali, bai taɓa uban ba, bai taɓa sitiyari ba, ya kama makulli da yatsu biyu ya murɗa baya.

Injin bai gama tsayawa ba hannun tsoho ya cafke wuyan hannunsa. Riƙo ne na mutumin da ya shekara yana juya sitiyari mai nauyi, Babba ya ja, ya kasa ƙwacewa. Giya-Huɗu bai buɗe ido ba.

"Wa ya kashe min mota?"

Ya buɗe ido, ya dubi ɗansa, bai saki hannun ba.

"Na ce ku sayar ranar da ban san ko tana raye ko ta mutu ba. Yanzu na sani, na janye maganata. Ranar da ka sake kashe ta ban sani ba, ka ɗauki makullin ka tafi da shi, ba zan ce uffan ba. Amma yau kai ka kashe ta, kai za ka tayar."

Babba ya dubi Auta, Auta ta kau da kai tana goge ido. Ya dubi hannunsa da ke cikin na ubansa, makulli na tsakanin yatsunsa har yanzu. Tsohon ya taka kuloci har ƙasa, ya zuba masa ido yana jira.

Babba ya murɗa makullin.